Jauron Ostireliya

Bari in tona wa kaina asiri kafin Jamila ta riga ni, don na san cikinta ba ya riƙe magana. Ni Sale, mahauci ɗan mahauci daga Wudil, da furfurata da jikokina, na kusa raba wani bawan Allah da aikin da ya yi rabin rayuwarsa yana jira. Bai yi mini komai ba. Kalma ɗaya na ji, na fassara ta da son zuciyata. Kuma kalmar ta Hausa ce. Da Turanci ne ya kayar da ni, da sai in ce ai aji biyu na yi a firamare, na biyun ma ta taga na yi shi.

Zangona na farko a Amurka wani gari ne da ake kira Clinton, gidan wani ɗan garinmu da ba zan kama sunansa ba, saboda har yanzu muna haɗuwa a filin Idi. Ya ba ni ɗaki a ƙarƙashin ƙasa kusa da injin wanki. Duk Asabar ina bayan gida ina gasa tsire, shi yana falo yana gaya wa baƙi wai hannunsa ne, gado ya yi wajen kakansa. Da sanyi ya matso, ya sayar mini da wata ƙatuwar riga mai gashi a wuya, ya ce irin ta manyan ƙasar ce. Na yi hunturu guda ina taƙama a cikinta. A bas asirin ya tonu, ranar da wata tsohuwa baƙar fata ta zauna kusa da ni sanye da irinta sak, har maɓallan. Ta dube ni, ta dubi kanta, ta ce, "Ɗan'uwa, ta fi yi maka kyau." Muka yi ta dariya har direba ya waiwayo. Da za ta sauka ta tuɓe safar hannunta ta ba ni, ta ce tunda mun yi anko, gara in cika shi.

Daga nan na koma Gaithersburg, garin da sai da na daɗe ina tauna sunansa kafin ya haɗiyu. Na samu aiki a wani kamfanin yankan nama. Akwai wani abokin aikina mai tumbi, mutumin kirki, kullum sai ya ba ni kofi. Wata rana don in nuna masa ƙauna na shafa cikin, na tambaye shi yaushe ne suna, in tanadi rago. Kafin azahar an kira ni ofis. Wata mata mai tabarau da sanyin murya ta sa aka nemo tafinta ta waya, ta tambaye ni ko na san na ji wa mutumin ciwo a zuciya. Na ce a Wudil da ya rama, mun wuce wurin. Ta rubuta wani abu, ta yi mini murmushi, ta karɓi rigar aikinsu.

A nan na gane ciwon da ke damuna a ƙasar. Ba tuwo na yi kewa ba, tuwo akwai shi har a roba. Abin da na rasa shi ne wanda zan zaga ya rama. A kara, kasuwar shanun Wudil, ranar Juma'a, Bafulatani bai isa ya wuce ni salin-alin ba. In ce masa ɓarawon nonon maraƙi, ya ce mini maƙiyin dabbobin Allah, sai mun gaji sannan mu yi ciniki. A nan kuwa kowa sai "sannu" da "na gode", kamar ana zaman makoki. A masallaci na samu wani Bafulatani likita, na yi murna, na tare shi na ce, "Bawana, ina ka bar shanun?" Ya rusuna ya ce, "Baba, ina wuni," ya kama hannuna, ya ce idona ya yi ja, yaushe rabona da auna jini? Matata Hajo da na baro a Wudil ma ta lura. A waya ta ce, "Malam, muryarka ta yi ladabi. Ko harshen suka karɓe a filin jirgi?"

Zango na uku shi ne Laurel, shagon naman halal na Hajiya Rabi, mutuniyar Damagaram. Hajiya ta tsufa, 'yarta Jamila ce ke riƙe da shagon. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi magana sai ta riƙa taka kalmomin ɗaya-ɗaya kamar mai tafiya a kan ƙanƙara. Ta gargaɗe ni tun ranar farko: nama da wuƙa nawa ne, kwastoma nata ne, in riƙe bakina.

Wata safiya ina fasa haƙarƙari sai ga ta da wani dogon Bature, ja wur, mai sanƙo, hannuwa kamar faranti. Ta ce, "Baba Sale, wannan ɗan wasanka ne. Zai zauna da kai, ya koya. Ka yi masa komai-komai."

Na ajiye barandami. "Ɗan wasana?"

"E, ɗan wasa. Naka ne har wata ya ƙare."

Na ce ta tambayar mini shi sana'ar ubansa. Ta tambaya. Ya ce kiwo, a can Ostireliya, shanun da in za a koro su sai an hau jirgi mai saukar ungulu. Na sake dubansa da kyau: ja, dogo, ga hanci, ga shanu. Na ce Allahu Akbar, ashe har Turawa akwai Fulani! A zuciyata na sa wa Jamila albarka. Yarinyar nan ta ga ina ramewa, ta je ta nemo mini abokin wasa.

Sunansa Dankan, na ce ban ɗauka ba, Jauro ne. Shi ma ya ce a ƙasarsu ba a barin suna yadda uwa ta raɗa shi, daga yau ni Salo ne. Don in gwada ruwan, na harhaɗa Turancina na kasuwa na ce masa shanun ubansa duk ni zan yanka su, har na cikin ciki. Ya ƙura mini ido, na tuna matar nan mai tabarau. Sai ya fashe da wata irin dariya da ta girgiza firiza, ya ɗaka mini duka a kafaɗa, ya faɗi wata kalma. Jamila ta ƙi fassarawa. Ta ce zagi ne, amma wai a ƙasarsu wanda suke so suke yi wa. Ranar ko abincin rana ban nema ba.

To, kowa ya san haƙƙin abokin wasa a kanka shi ne ka cuce shi. Na fara aiki. Na ce masa mahaucin ƙwarai ba ya taɓa nama sai ya yi masa sallama, ya sunkuya ya ce, "Gafara dai, ranki ya daɗe." Na ce ba a wasa wuƙa da ƙafa biyu a ƙasa, sai an ɗage ɗaya an ɗora a gwiwa, yadda 'yan uwansa ke tsayuwa a bakin rafi. Na ce in za a sare ƙashi dole a yi gyaran murya, don kada ɓargo ya firgita. Na kuma koya masa gaisuwar girmamawa ta Hausa, wadda ake yi wa manya: "Ni bawan Sale ne." Ranar da Hajiya Rabi ta leƙo shago ya durƙusa ya rattaba mata ita, sai da ta zauna a kan buhun shinkafa don dariya.

Duk abin da na ce, yi yake, fuska a ɗaure kamar mai karatun allo. Kuma ban taɓa ganin mai kallo irinsa ba. In na soshi kunne yana kallo. In na goge wuƙa a cinya yana kallo. Wani lokaci in waiga in ga yana tafiya irin tawa, da ɗan ɗingishin da wani bijimi ya bar mini tun ina saurayi. In ce, "Jauro, ƙafar ma sata za ka yi?" Ya ce ai ta fi tasa kyau.

Ban dai zalunce shi gaba ɗaya ba. Tsakanin ƙarya da ƙarya nakan nuna masa na gaskiya: yadda wuƙa ke neman gaɓa da kanta in ba ka matsa mata ba, yadda ake raba jijiya da tsoka, yadda ake gane naman tsohuwar saniya daga launin kitse. Shi kuma ya ce zai gyara mini Turanci. Ya koya mini wata doguwar gaisuwa ta 'yan boko da zan riƙa yi wa kwastoma in Jamila ba ta kusa. Duk wanda na yi wa sai ya yi dariya ya ƙara sayen nama, na ce lallai ilimi daɗi gare shi.

Da rana mukan zauna a bayan shago kan akwatunan lemo. Turancinsa ta hanci yake fita, nawa kuma ta ko'ina, amma muna fahimtar rabi, rabin kuma mu cika da hannu. Nakan ji yana cewa fim, fim, na ɗauka mai son kallo ne. Ya ce mini ya mutu sau da yawa a ƙasar nan. Na ce ni ma, Jauro, tun a Clinton. Ya ce an harbe shi, an jefo shi daga bene, wani kifi ma ya taɓa haɗiye shi. Na ce ƙaryar Fulani ko a Turai ba ta canza ba.

Ranar da watan ya ƙare ya rungume ni, ya ce gobe ne, in yi masa addu'a. Ban san mene ne goben ba, na ce Allah ya sa shanun su gudu. Washegari da safe Jamila ta shigo tana duba waya, ta ce, "Yau ne gwajin Dankan. Allah ya sa ya samu, in ba haka ba shi ke nan."

Na ce gwajin me, zai buɗe shago ne?

Ta dube ni. "Baba Sale, na fim. Ai na gaya maka ɗan wasa ne."

"Kin ce ɗan wasana."

"E, naka. Wanda zai koya a wurinka."

Ta miƙo mini wayar. Ga Jauro yana saurayi, gashi har kafaɗa, sanye da rigar likita a wani shirin talabijin na ƙasarsu. Ta ce a lokacin 'yan mata har suma suke yi in ya fito kasuwa. Daga nan ya taho Amurka neman babban suna, sai suka mayar da shi yaron mugu. Ta nuna mini ana harbinsa. Ta nuna mini ana jefo shi daga bene. Wallahi har kifin na gani da idona. Ta ce shekara da shekaru ke nan, bai taɓa kai ƙarshen fim da rai ba, gashin ya zube, kiran ya ragu. Yanzu za a yi wani dogon shiri a Baltimore, labarin wani mahauci da iyalinsa, kuma mahaucin ba ya mutuwa. Su biyu suka rage. Ya yi wa matarsa alkawari in wannan ya kuɓuce, za su tattara su koma gida, ya kama wa ƙanensa kiwo.

Na hango shi a gaban manyan masu fim, tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, yana ce wa cinyar saniya ranki ya daɗe.

Na gaya wa Jamila duk abin da na shuka. Ta dafe kai ta ce, "Ya Salam, Baba!" Ta kira wayarsa, a kashe. Ta rubuta mini sunan wurin a bayan takardar naɗe nama, ta ce in ruga tashar jirgin ƙasa, ita ba ta da mai tsaron shago. Na fita ko rigar aiki ban tuɓe ba.

Tashar Laurel hannu biyu gare ta, ɗaya na Baltimore, ɗaya na Washington. Ba sai na faɗi wanda na hau ba. Ina zaune ina shirya kalmomin tuba, sai na ga jirgi ya shiga wata ƙatuwar tasha mai rufi kamar masallacin Makka, kowa da kwat. Na nuna wa wani mai share ƙasa takardata, mutumin Habasha ne. Ya karanta, ya dubi jinin da ke gaban rigata, ya ce, "Kawu, ka yi kisa ne ko za ka yi?" Na ce na riga na yi, gawar nake nema. Ya ajiye tsintsiyarsa, ya kai ni har ƙofar jirgin da ya dace, ya gaya wa mai duba tikiti kada ya bar ni in sauka sai a Baltimore. Ya kuma cire rigar sanyinsa ta sama ya rufa mini a kan jinin, don kada 'yan sanda su yi sha'awata.

La'asar ta yi kafin in sami ginin. Na tarar da Jauro zaune a kan matakala shi kaɗai, yana cin burodi. An gama.

Na tsuguna a gabansa, ni da na girme shi. Na haɗa Hausa da Turanci da hannu, na ce sallamar nama ƙarya ce, ƙafa ɗaya ƙarya ce, ɓargo ba ya jin tsoro, kuma shi ba bawan kowa ba ne. Na ce na ɗauka abokin wasana ne, ban san wasan nasa na cin abinci ba ne.

Ya tauna burodinsa a hankali. Ya ce, "Salo, a cikin shanu aka haife ni. Ka taɓa ganin wanda ya girma a gona bai san ana yanka ba tare da sallama ba?"

"To me ya sa ka yi ta yi?"

"Kana jin daɗi. Kuma in kana dariya ka fi sakin jiki, in fi ganinka." Ya gutsuro burodin ya ba ni. "Gaisuwar da na koya maka fa, kana yi wa kwastoma?"

Na ce kullum.

Ya ce ma'anarta ita ce, ni tsohon bunsuru ne, amma wuƙata tana da kaifi.

Na tuna matar limamin da na yi wa ita har da rusunawa. Na tashi na bi shi da takalmi a kan titin Baltimore, shi yana gudu da ɗingishina, mutane suna darewa. Da muka gaji muka dawo matakalar muna haki. Na tambaye shi gwajin fa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya ce bai sani ba, ɗayan ya fi shi ƙuruciya, ya fi shi gashi. Sun ce za su kira.

Kwanakin da suka biyo baya ban zolayi kowa ba, ko kyanwar bayan shago. Hajiya Rabi ta sa shi a addu'a, tana cewa Allah ya ba bawan Sale sa'a.

Wata yamma muna shirin rufewa sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Jauro ne da matarsa, wata gajeriya mai fara'a. Ya ɗaga ni sama cak kamar ɗan akuya, ya juya da ni a tsakiyar shago, ina ihu ya sauke ni kafin ƙugu ya rabu. Matar tana kuka tana dariya, ta ce wa Jamila a karon farko za ta kalli mijinta har ƙarshe ba ta rufe ido ba. Jamila ta raba wa kwastomomin da suka rage lemo, ni kuma na ce duk sa'ar mahauta ce ta bi shi, Fulani ba su da ita.

Da hayaniya ta lafa ya ce in zo in ga abin da ya ba shi aikin. Ya kira Jamila ta tsaya kusa, don yana so in ji komai daidai. Ya kunna hoton gwajin a wayarsa. Ga shi a bayan tebur da farar riga, yana ɓare karfatar saniya, hannun ba laifi. Yana ta zuba wa wani kwastoma surutu da tsiya. Kwastoma ya tafi, ya fara tattara kaya. Sai na ga ya jawo hanta, ya zaɓi gefen da ya fi laushi, ya yanki wani ɗan yanki mai kyau, ya jawo takarda zai naɗe. Ya tsaya. Ya dubi yankin a tafin hannunsa. Sannan ya mayar da shi cikin sauran a hankali, ya goge wuƙa.

Na ce, "Wannan ba ni na koya maka ba."

Jamila ta fassara masa, ta fassaro mini amsar. Wai kullum in za mu rufe shago haka nake yi, bai ga ranar da na tsallake ba. Wai a nan mai shirin ta tsayar da gwajin, ta ce ya sake yi.

Ni ban san ina yi ba. Tun muna amare, ban taɓa shiga gida da yamma ba tare da 'yar hantar Hajo a aljihu ba. Tana gasa ta a bakin murhu, ta ci ita kaɗai, ko 'ya'yanta ba ta sam wa.

Jauro ya kashe wayar. Ya ce, "Ta tambaye ni wa mutumin yake yanka wa. Na ce ban sani ba, amma zan tambayo kafin a fara ɗauka. Salo, wa kake yanka wa?"

Na ɗauki tsumma na shiga goge teburin da na riga na goge.